Wa ya ce mulkin kai ne ya talauta mutanen Nunavut?

Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune a majalisarmu ta bakin teburin mai shayi, sai wani ƙanenmu ɗan jami'a ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Yaya, kalli wannan." Bidiyo ne na wata mata tana zagaya kanti a wani gari na Nunavut, can ƙuryar arewacin Kanada, tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya tana nuna farashi: madara, kabeji, ruwan lemo, ƙunzugun jarirai. Kowanne kuɗinsa ya ninka na biranen kudancin ƙasar sau biyu, wani ma sau uku. Daga nan aka shiga wani ƙaramin gida, katifu a falo, katifu a lungu, bango duk ya yi fumfuna.

Wani Alhaji da ke kusa da ni, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya karɓi wayar ya gyara tabarau ya kalla har ƙarshe. Sai ya ce, "Ai ga irinta nan. Su suka nace sai an yanka musu yanki su mulki kansu. An yanka musu. Ga abin da suka yi da shi. Da sun bar Turawan Kanada sun ci gaba da riƙe su, da yanzu suna cikin daula."

Ban tanka ba, don Alhaji ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma majalisa ba wurin kunyata dattijo ba ce. Amma maganar ta biyo ni har gida. Na san ta. Ita ce dai muke ji a nan duk lokacin da wuta ta ɗauke ko famfo ya ƙafe, wani ya ce gara zamanin Bature.

Ra'ayina shi ne Alhaji bai yi wa mutanen nan adalci ba. Yawancin abin da ya gani a bidiyon an shuka shi ne lokacin da gwamnatin tarayya da ke Otawa, babban birnin Kanada, ke juya su yadda ta ga dama. Mulkin da aka ba su a 1999 kuwa rabi ne, an miƙa musu kujera an riƙe ƙasar da kujerar ke kai. Akwai kuma inda shugabanninsu na gida suka gaza da hannunsu, ba zan ɓoye wannan ba. Amma mu bi ta sannu.

Ga wanda bai san wurin ba: Nunavut yanki ne na Kanada da ke cikin Aktik, ƙasar ƙanƙara ta ƙurewar arewacin duniya, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 2, wato ya fi Najeriya biyu a haɗe. Mutanen cikinsa kuma wajen 40,000 ne kacal, ba su kai na ƙaramar hukuma ɗaya a Kano ba. Kusan kashi 85 cikin 100 Inuit ne, mutanen da littattafan makaranta suka koya mana da sunan Eskimo, sunan da su ba sa so. Suna zaune a garuruwa 25, kuma babu titin mota ko ɗaya da ya haɗa wani gari da wani. Babban birninsu Iqaluit. Kalmar Nunavut a harshensu tana nufin "ƙasarmu". An yanko yankin daga Yankunan Arewa maso Yamma ranar 1 ga Afrilu, 1999.

Daular da Alhaji ke magana

Bari mu fara da zamanin da Alhaji ke ganin gara a ce an dawwama a cikinsa.

Tun daga shekarun 1940, jami'an gwamnati suka ga sunayen Inuit suna yi musu wuyar rubutawa. Maimakon su koya, sai suka ba kowane mutum wani ɗan faifai kamar kwabo, mai harafi da lamba, ya rataya a wuya. Da lambar ake rubuta shi a asibiti, da ita ake kiran yaro a makaranta. Haka aka yi ta tafiya har wajen 1970, sannan aka tura wani ɗan Inuit mai suna Abe Okpik ya bi gari-gari yana rubuta sunayen da mutane suka zaɓa wa kansu.

A 1953 da 1955, gwamnati ta kwashi wasu iyalai daga Inukjuak da ke arewacin lardin Kebek, ta zuba su a jirgin ruwa ta kai su wajen kilomita 2,000 arewa, wuraren da yanzu ake kira Resolute da Grise Fiord. An ce musu akwai namun farauta jingim, kuma wanda bai ji daɗi ba za a mayar da shi gida bayan shekara biyu. Sai da aka isa suka gane za a raba su gida-gida, wasu a sauke su nan, wasu a wuce da su can. Sun yi hunturun farko a cikin tanti, a wurin da rana ke faɗuwa ta yi wata uku ba ta fito ba. Alkawarin komawa gida kuwa ya bi ruwa. Sunan da suka raɗa wa wuraren ya isa labari: Resolute suka ce Qausuittuq, inda gari ba ya wayewa; Grise Fiord kuma Aujuittuq, inda ƙanƙara ba ta narkewa. Waɗanda abin ya shafa sun daɗe suna cewa an dasa su ne kamar tuta, don Kanada ta nuna wa duniya cewa tsibiran nan nata ne. Sai a 2010 gwamnati ta nemi gafara.

Ga kuma tarin fuka. A shekarun 1950 akwai wani jirgin ruwa na gwamnati, C.D. Howe, da ke zagaya garuruwa ana ɗaukar hoton ƙirji. Wanda aka samu da cutar, sau da yawa ba a barinsa ya sauka ya yi sallama da iyali. Uwa ta hau jirgi gwaji, jirgi ya tashi da ita. Wasu sun yi shekaru a asibitocin kudu, wasu sun mutu an binne su can ba a ko aika wa dangi ba. Har yau akwai masu neman kabarin iyayensu. Firaministan Kanada na lokacin, Justin Trudeau, ya je Iqaluit a Maris na 2019 ya nemi gafara kan wannan.

A wannan zamanin ne dai aka tattaro mutane daga sansanoninsu na farauta aka cusa su a garuruwa, wani da lallashi, wani da barazanar yanke masa kuɗin tallafin yara idan bai kai ɗansa makaranta ba. Aka kwashi yara zuwa makarantun kwana inda ake hukunta yaro don ya yi yarensu. Aka harbe karnukan jan kaya masu ɗimbin yawa. Rundunar 'yan sandan ƙasar ta ce ba da wata manufa aka yi ba, dokar hana karnuka yawo ce da cututtuka. To, ko ma mene ne dalili, mafarauci a ƙanƙara ba kare, tamkar Bafulatani ne aka wayi gari ba saniya. Daga mai ciyar da gida ya koma mai bin layin tallafi.

Wannan ita ce daular. Gidajen da suka yi kaɗan, garuruwan da aka kafa inda babu sana'a, dogaro da kanti maimakon farauta, tarin fuka da ke yawo a ɗakin da mutum goma ke shaƙar iska ɗaya, duk daga can suka samo asali. Ruwa ba ya tsami banza.

"To ai shekara ashirin da biyar ta isa a gyara"

Wannan ita ce amsar da na san Alhaji zai ba ni, kuma tambaya ce mai nauyi. Yaron da aka haifa ranar da aka kafa Nunavut yanzu magidanci ne. Har yaushe za a yi ta ɗora wa jiya laifi?

Kafin a amsa, sai a duba me aka miƙa a zahiri.

Tun 1976 ƙungiyar Inuit ta ƙasa ta gabatar da buƙatar yankin. Cikin waɗanda suka ja ragamar akwai John Amagoalik, wanda yana ɗan yaro aka kwashe shi da iyayensa zuwa Resolute. Aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1982, aka yi ta ja-in-ja kan iyaka, har aka sa hannu kan yarjejeniya a 1993. A cikinta Inuit suka sarayar da da'awarsu ta gado a kan dukkan ƙasar. A madadin haka aka tabbatar musu da mallakar wajen murabba'in kilomita 350,000, wato kashi 18 cikin 100 na yankin, da kuɗi sama da dalar Kanada biliyan 1 da za a biya cikin shekara 14. Inda suke da iko da abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba.

Sauran fa? Sauran ya zauna a hannun gwamnatin tarayya. Ana haƙar zinariya a Meadowbank da Meliadine, ana haƙar tama a Mary River, amma gwamnatin Nunavut ba ta karɓar kason ma'adinai. Na filin gwamnati Otawa yake tafiya, na filin Inuit kuma yana shiga asusun ƙungiyoyinsu. Gwamnatin da aka ɗora wa gina makaranta da asibiti da gidaje, ita ce ba ta da rijiyar kanta. Sama da kashi 80 cikin 100 na kasafinta daga Otawa yake zuwa.

Mu da muka ga an ƙirƙiro Katsina a 1987, Jigawa a 1991, Zamfara a 1996, mun san wannan yanayin. An yi murna, an yi kiɗa, an samu gwamna ɗan gida, sannan aka koma jiran kason wata-wata daga Abuja. Zamfara ma ta fi kowa sanin zafin zama a kan zinariya alhali lasisin haƙarta a wani wuri ake bayarwa. Ban taɓa jin wani Bazamfare mai hankali ya ce maganin abin shi ne a mayar da su ƙarƙashin Sakkwato ba.

Sai a ranar 18 ga Janairu, 2024 aka sa hannu kan yarjejeniyar miƙa wa Nunavut ikon filaye da ruwa da ma'adinai, kuma miƙawar ba za ta kammala ba sai Afrilun 2027. Maƙwabtansu na Yukon sun samu irin wannan tun 2003, Yankunan Arewa maso Yamma kuma a 2014. Firimiyan, wato shugaban gwamnatin yankin, da ya sa hannu a madadin Nunavut, P.J. Akeeagok, a Grise Fiord ya tashi, garin nan da aka jibge mutane a 1953. Ke nan wanda ya ce an gwada mulkin kai shekara ashirin da biyar bai yi ba, bai lura cewa babban ɓangarensa ko fara aiki bai yi ba.

Kuma ko alkawuran da aka rubuta a 1993 ba a cika su da daɗin rai ba. Sashe na 23 na yarjejeniyar ya ce ma'aikatan gwamnati su dace da yawan jama'a, wato Inuit su riƙe wajen kashi 85 na guraben aiki. Har yanzu abin yana yawo ne a wajen rabi, kuma idan aka hau manyan kujeru sai ya ƙara raguwa. Ƙungiyar da ke kula da yarjejeniyar a madadin Inuit, Nunavut Tunngavik, ta kai gwamnatin tarayya kotu a 2006 kan ta ƙi zuba kuɗin horar da mutane. Sai 2015 aka sasanta a kan dala miliyan 255 da ɗoriya. Shekara tara ana shari'a don a cika abin da aka riga aka sa wa hannu.

Tsadar madara ba daga majalisa take ba

Yanzu mu koma kantin da matar nan ta nuna. Ko mala'ika aka naɗa firimiya, kabeji a Nunavut zai yi tsada. Babu gona, babu titi, babu jirgin ƙasa. Kayan da ba sa lalacewa jirgin ruwa ke kawo su a ɗan taƙin da teku ke narkewa, 'yan watanni a shekara. Magidanci mai hali yakan yi odar garin fulawa da shinkafa da sabulu na shekara guda a lokaci ɗaya. Wanda jirgi ya wuce shi, ko wanda ba shi da kuɗin sayen na shekara, sai ya sayi wanda jirgin sama ya kawo. Kowane gari da janaretansa na dizal yake samun wuta, shi ma man jirgin ruwa ke kawo shi. Gida kuwa a kan ƙafafun ƙarfe ake ɗora shi, don idan ya zauna a ƙasa ɗuminsa zai narkar da daskararriyar ƙasar ya nutse. A yawancin garuruwa tanka ce ke kawo ruwa gida-gida, wata tankar ta zo ta kwashe na masai. Ko ƙusa ɗaya daga kudu take zuwa.

Shirin rage tsadar abinci da ake ta ƙorafi a kansa, wanda aka fara a 2011, na gwamnatin tarayya ne. 'Yan kasuwa ake ba tallafin, da sunan za su sauke farashi, kuma mutanen yankin sun daɗe suna tambayar nawa ne ke isowa aljihun mai saye. Mu da muka ga yadda tallafin taki da na mai ke tafiya, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi ba ni haushi, don shi daga waje ɗungurungum ya zo. Abincin Inuit na asali nama ne na farauta: karibu, wata irin babbar barewa; kifi; da sil, wata dabbar teku mai kitse da fata mai sheƙi. Mafarauci ya kashe sil, gida su ci nama, a raba wa tsofaffi da zawarawa, ya sayar da fatar ya sayi harsashi da man babur ɗin ƙanƙara, gobe ya koma. Sai masu fafutukar kare dabbobi a Turai suka tashi da hotunan jariran sil farare masu manyan idanu. A 1983 Turai ta hana shigo da fatar jariran, alhali Inuit ba jariran ma suke farauta ba. Kasuwa ta rushe gaba ɗaya, da ta jarirai da ta manya. A 2009 Tarayyar Turai ta ƙara faɗaɗa haramcin. An rubuta cewa ban da fatar da Inuit suka samo, amma wa zai sayi abin da aka riga aka ɓata wa suna? Mutumin da ke cin naman sa da kaza kullum a Brasels, hedikwatar Tarayyar Turai, ya yanke wa mafarauci a garin Pangnirtung na Nunavut hanyar cin abinci, kuma bai taɓa jin sunan garin ba. A nan gwamnatin Nunavut ce ta shigo tana sayen fata daga hannun mafarauta don sana'ar kada ta mutu.

Inda bakinsu ya yi tasiri

Idan ana son ganin amfanin yarjejeniyar, a dubi abin da ya faru a Mary River. Kamfanin Baffinland ya nemi ninka tamar da yake fitarwa daga tan miliyan 6 zuwa 12 a shekara, da shimfiɗa layin dogo zuwa gaɓar teku. Mafarautan Pond Inlet da maƙwabtansu suka ce jiragen ruwan da ke zirga-zirga sun riga sun fara korar nawal, dabbar tekun nan mai dogon haure ɗaya, kuma layin dogo zai datse hanyar karibu. A Fabrairun 2021, cikin tsakiyar hunturu, wasu 'yan tsirarun mafarauta suka hau baburan ƙanƙara suka yi tafiya mai nisa suka je suka tare filin jirgin ma'adinan na kusan mako guda. Hukumar tantance illar ayyuka, wadda yarjejeniyar 1993 ce ta haifar da ita, ta saurari kowa, ta ba da shawarar kada a amince a Mayun 2022. A Nuwamba ministan tarayya ya bi shawarar.

Haka ma Clyde River, ƙauyen da mutanensa ba su wuce dubu da 'yan kai ba. Suka ƙi yarda a yi binciken mai da ƙarar bindigar iska a tekunsu, suka bi shari'a har Kotun Ƙolin Kanada, a 2017 ta soke izinin saboda ba a tuntuɓe su yadda ya kamata ba. 'Ya'yan mutanen da aka rataya wa lamba a wuya ne suka yi wannan.

Na san wani zai ce, to ai sun kori aikin yi ke nan, a wurin da matasa ke zaman kashe wando. Gaskiya ne, kuma a cikin Inuit ɗin kansu akwai waɗanda suka goyi bayan faɗaɗa ma'adinan, musamman masu cin abinci a can. Ban ce hukuncin ba shi da asara ba. Abin da nake cewa shi ne a wannan karon gardamar a zauren garinsu aka yi ta, da harshensu, tsofaffi suka tashi suka yi bayanin hanyar dabbobi aka rubuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko da yake, a lura, sa hannun ƙarshe na minista ne a Otawa. Da ya ga dama da ya juya.

Majalisarsu ma abin kallo ce. Wakilai 22 ne, babu jam'iyya ko ɗaya. Kowa da ƙafarsa yake tsayawa zaɓe. Bayan zaɓe su zauna su zaɓi kakaki da firimiya da ministoci a tsakaninsu ta ƙuri'ar sirri, kuma waɗanda ba ministoci ba sun fi ministoci yawa, don haka gwamnati ba ta isa ta wuce da doka ba sai ta lallashe su. Kujerun a zagaye suke, an lulluɓe su da fatar sil, sandar majalisa kuma da hauren nawal aka yi ta. Ba su suka ƙirƙiro tsarin ba, sun gaje shi daga yankin da aka yanko su, amma ya dace da al'adarsu ta shawara. Yana da nasa aibun: mai zaɓe ba ya sanin wa zai zama firimiya, kuma idan abu ya lalace babu wata jam'iyya da za a kama a kayar. Duk da haka, ni da na ga yadda ake sauya sheƙa a nan kamar sauya hula, ban ga bakin yi musu dariya ba.

Wani abin kuma da Alhaji bai sani ba: gwamnatin Nunavut ba ta ƙabila ba ce. Duk mazaunin yankin, Bature ne ko baƙin Afirka, yana zaɓe kuma ana iya zaɓensa. Yawan Inuit ne kawai ya sa ragamar ke hannunsu.

Inda ba zan kare su ba

Harshe. A nan ne nake ganin shugabannin Nunavut ba su da wanda za su nuna wa yatsa su kaɗai.

Babban dalilin neman yankin shi ne kada Inuktitut, harshen Inuit, ya mutu. A 2006 tsohon alƙali Thomas Berger ya rubuta rahoto ya ce ɗaya cikin huɗu ne kawai na yaran Inuit ke kammala sakandare, ya kuma danganta abin da yadda ake fara wa yaro karatu da harshensa, a aji uku ko huɗu a yanke kwatsam a koma Ingilishi, ya tashi bai ƙware a ko ɗaya ba. Duk wanda ya yi firamaren gwamnati a ƙasar Hausa ya san wannan yaron. Wataƙila ma shi ne.

A 2008 majalisar Nunavut ta yi doka cewa kafin 2019 za a riƙa koyarwa da harsuna biyu tun daga ajin farko har ƙarshen sakandare. Aka yi tafi. 2019 ta zo babu isassun malamai, babu isassun littattafai. Me majalisar ta yi? A 2020 ta gyara dokar, ta rage alkawarin, ta tura wa'adinsa har 2039. A 2021 Nunavut Tunngavik ta maka gwamnatin Nunavut a kotu. Inuit suna ƙarar gwamnatin da Inuit ke jagoranta kan harshen Inuit. A halin da ake ciki ƙidaya ta nuna masu harshen a matsayin harshen uwa sun ragu daga kusan kashi 72 a 2001 zuwa kashi 65 a 2016.

Za su ce kuɗin horar da malamai bai zo daga Otawa ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma shekara goma sha ɗaya suka ba kansu, su suka tsara kasafi, su suka zaɓi abin da za a sa a gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malamin da zai koyar da lissafin sakandare da Inuktitut a 2019, tun 2008 ya kamata a ɗauke shi a fara renonsa, a ba shi gida da albashin da zai hana wata ma'aikata sace shi. Hakan bai faru yadda ya isa ba.

Haka batun kula da yara marasa galihu. Babbar mai binciken kuɗi ta Kanada ta fitar da rahoto a 2023 da ya nuna ma'aikatar da ke da alhakin ta kasa bin diddigin yaran da ke hannunta, bayan an sha yi mata gargaɗi a rahotannin baya. Wannan aikin gwamnatin yankin ne kai tsaye. Ga yawan matasa masu kashe kansu, wanda ya ninka na sauran Kanada sau da yawa, har gwamnatin ta ayyana shi a matsayin annoba a 2015. Ga ruwan Iqaluit da mai ya gurɓata a Oktoban 2021, babban birni guda mutane suna ɗiban ruwa da jarka a kogi cikin sanyi, kusan wata biyu, bayan sun yi kwanaki suna cewa ruwan na wari ana ce musu lafiyarsa ƙalau. Wannan "lafiyarsa ƙalau" ɗin ba daga Otawa ta fito ba.

To, idan haka ne, ba Alhaji ya yi gaskiya ba ke nan?

A'a. Ku duba su wa suka kai ƙarar, su wa suka yi zanga-zanga a ƙofar kantuna a 2012 kan tsadar abinci, su wa suka tona batun gidaje. Mumilaaq Qaqqaq, yarinya 'yar shekara 25 da suka tura majalisar tarayya a 2019, ita ta bi garuruwa tana shiga gidaje tana ɗaukar hoton fumfuna da rufin da ke yoyo ta kai wa 'yan majalisa a Otawa. Ba mamaki irin hotunan ne suka iso wayar ƙanenmu. A zamanin jirgin C.D. Howe ma akwai gidajen da suka fi waɗannan muni, bambancin shi ne babu wanda ke da kujerar da zai tsaya a kai ya faɗa. Kuma duk cikin masu wannan ƙorafi, buƙatarsu a ƙara musu iko da kuɗin aiwatar da shi ne. A 2016 da aka tambaye su ko a fara sayar da filayen cikin gari ga masu kuɗi, kowane gari ya ce a'a.

Washegari na koma majalisa na tarar da Alhaji, na gaishe shi, na ɗan gutsura masa labarin faifan lamba da na jirgin masu tarin fuka. Ya yi shiru yana juya cokali a kofi. Can ya ce, "To, na ji. Amma idan aka ba su ma'adinan a 2027, ka tabbata ba wasu 'yan tsiraru ne a Iqaluit za su cinye ba, na ƙauye ya ci gaba da sayen kabejinsa da tsada?"

Na ce masa ban tabbata ba, Alhaji. Mai shayi ya ƙaro masa ruwan zafi.